Fita Hawan Dutse da Iyali: Shirin Kwana Biyu a Gindin Tsauni

Wanda ya taso a Kano ya san Dala da Goron Dutse, na Zariya ya san Kufena, mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja kuwa ba ya wucewa bai ɗaga kai ya dubi Zuma ba, dutsen nan da hotonsa ke jikin takardar naira 100. Duwatsu sun kewaye mu ta ko'ina, amma ba kasafai magidanci kan kwashi iyalinsa takanas ya kai su gindin dutse, su kafa tanti su kwana, gari ya waye su hau ba. An bar wa 'yan makaranta da 'yan sikawut da masu hidimar ƙasa. Ga wanda yake da sha'awar gwadawa a hutun ƙarshen mako, shawarata tushenta ɗaya ne: komai na wannan tafiya da mafi ƙanƙanta a cikinku za a auna shi. Nisan da za a taka, tsayin da za a hau, lokacin tashi da lokacin juyowa, duk ƙafar autan gida ce ma'auni. Maigidan da ya auna tafiyar da ƙarfinsa, shi zai ƙare da goyon yaro a kan gangara da tsakar rana.

Kafin maganar tanti da igiya, sai an amsa tambayar da kowa ya san ita ce babba a yau: wurin lafiya yake? Akwai duwatsu masu ban sha'awa a Zamfara da Katsina da wasu sassan Kaduna da Neja, irin su Kwatarkwashi, waɗanda a halin da ake ciki ba wurin kai yara kwana ba ne. Kada kyawun hoto a waya ya ja ku. Labarin tsaro kuma ba ya kwana, inda aka je lafiya bara yana iya rikicewa cikin mako guda. Ku kira wani mazaunin yankin saura kwana biyu tafiya, ku sake kiransa da safiyar ranar. In ya yi ɗan jim kafin ya amsa, ku fasa. Kuɗin man da aka zuba a mota bai kai a yi jayayya a kansa ba.

In aka tambaye ni inda ya dace iyali su fara, tsaunukan Shere nake ambatawa, gabas da Jos, kimanin kilomita 10 daga cikin gari. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, amma kada adadin ya firgita kowa, garin Jos kansa yana kan tudu mai kusan mita 1,200, kuma ba ƙololuwar za ku nufa da yara ba. Abin da ya sa na zaɓi wurin shi ne makarantar horon tsauni da ke can, reshen cibiyar gwamnatin tarayya mai horar da matasa kan shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War, tushenta tun 1951. A nan akwai malaman da hawan dutse da igiya shi ne aikinsu na yau da gobe. Ku tuntuɓi ofishinsu da sauran makonni, ku tambaya dalla-dalla: za su karɓi iyali a ranar da kuke so? Akwai filin kafa tanti a cikin harabarsu? Za a samu malami ran Asabar da safe? Akwai malama mace da za ta ɗaura wa mata ɗamarar da ake maƙala wa igiya? Nawa ne? Jos ma tana da nata lokutan da hankali kan tashi har a sa dokar hana fita, saboda haka kiran nan na kwana biyu kafin tafiya bai faɗi a kanta ba.

Ko'ina kuka zaɓa, ƙa'idar kwana ɗaya ce: cikin harabar wata hukuma mai maigadi, ko dab da ƙauye da sanin mai unguwa. Ban da tsakiyar daji, komai kyawun wurin. In ƙauye ne, a fara da ƙofar mai unguwa, a gaishe shi yadda ya kamata, a ba da ɗan goro, a faɗa masa ku nawa ne da ranar da za ku tashi, sannan a roƙe shi ya haɗa ku da wani matashi ɗan garin da zai yi muku jagora. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san kogon da ƙudan zuma suka yi gida, ya san hanyar da ke ɓullewa da wadda ke ƙarewa a bakin rami, ya kuma san wuraren da mutanen garin ke girmamawa bisa al'adarsu, waɗanda baƙo ba ya takawa. Ku yanke kuɗin aikinsa tun kafin a ɗaga ƙafa.

Sati ɗaya ko biyu kafin babbar tafiyar, a yi gwaji a gida. Safiya guda a Dala ko Kufena ko duk wani dutse da ke kusa ta isa ta nuna muku wanda jiri ke ɗiba in ya leƙa ƙasa, da wanda takalminsa ke matsa masa, da wanda zai fara cewa a ɗauke shi tun ba a je ko'ina ba. Kuma tunda yawancin Islamiyyu suna karatu Asabar da Lahadi, a nemar wa yara izini wajen malaminsu, kada su koma ran Litinin a tare su da bulala.

Lokaci da kaya

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi. Da damina gansakuka kan lulluɓe dutse, santsinsa ya wuce misali, ga tsawa, wadda ta fi faɗa wa wuri mai tsayi. Da bazara kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi dutsen ya ɗau zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa. Hunturu ne ya rage, shi kuma matsalarsa sanyi. A Disamba da Janairu daren Jos kan sauka zuwa wajen digiri 10, kuma duk hawan mita 1,000 yana rage kimanin digiri 6 a kan haka, ga iska. Yaron da ya saba da ɗaki a Sakkwato ko Maiduguri zai ji a jikinsa. Kowa ya zo da rigar sanyi, hular sanyi, safa biyu da bargo, da man shafawa saboda tsagewar leɓe da ƙafa. Mai asma kada ya baro abin shaƙarsa, ƙurar hazo ba ta yi masa da daɗi. In kuma akwai mai sikila a gidan, sai an ga likitansa tukuna, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya da tsayin wuri duk suna tayar da ciwon, nan kuwa ga su an haɗa a wuri ɗaya.

Ruwa shi ne kayan da ya fi nauyi, shi kuma aka fi yi wa ƙwauro. Iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba, sai ciwon kai ya sanar da shi. A lissafa lita 4 ta sha ga kowane mutum a yini, a ƙara kwatankwacinta don girki da alwala da wanke hannu. Iyali mai mutum shida a kwana biyu sun tashi a jarka huɗu mai lita 25. In dole ta sa aka ɗebi na rafi, a tafasa shi sosai kafin a sha. A sa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a jaka. In babu, ana haɗawa: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani, uwargida ta fi ni sani. Wanda ba ya lalacewa: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, garin kwaki, burodi, kayan shayi, taliyar yara da ƙwai. Dankalin Turawa da kabeji a saya a Jos, can ne gidansu. Fura da nono a bar su sai an dawo. Sauran kaya: tanti, tamfol, tabarma, gidan sauro, tocila ga kowane mutum har yara, ƙaramar tukunyar gas ko risho, buta, ƙaramin shebur, buhun zuba shara, abin cajin waya, da akwatin magani mai bandeji, filasta, aidin, farasitamol da almakashi. Takalmi kambas ne mai taushin roba a ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi ba su da aiki a kan dutse.

A yi tafiyar da rana tsaka, a isa kafin la'asar. Daga Bauchi abin bai wuce awa biyu da 'yan kai ba, amma mai tasowa daga Kano ta dajin Falgore ko daga Kaduna ya yi sammako. Kafa tanti cikin duhu, yara na kukan yunwa, shi ne hanyar da ta fi saurin ɓata tafiyar tun daren farko. A bar wa wani ɗan'uwa a gida sunan wurin, lambar jagoranku da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku. Lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya 112 ce, sai dai sabis kan ɗauke a tsakanin duwatsu, don haka tun da rana a gano inda waya ke kamawa.

Masauki

A nemi fili shimfiɗaɗɗe mai ɗan tudu. Kada a kafa a ƙarƙashin bangon dutse inda tsakuwa ke gangarowa, ko ƙarƙashin busasshiyar bishiya, ko cikin busasshiyar ƙorama, ko kan burtali, ko cikin gonar mutane. A share ƙaya da ƙarangiya, a juya ƙofar tantin ta dubi kudu maso yamma, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Inda turke ya ƙi shiga ƙasa, a ɗaure igiyar tantin a jikin dutse mai nauyi. Sanyin dare ta ƙasa ya fi shiga jiki, saboda haka a fi ba shimfiɗa muhimmanci a kan abin rufa: tamfol, sannan tabarma, sannan katifa ko bargo ninki biyu.

Akwai abu ɗaya da zan nanata da babbar murya. Kada a shigar da kaskon gawayi, ko risho, ko tukunyar gas cikin tanti don jin ɗumi, ko da na minti biyar ne. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A rufaffen wuri takan fara da ciwon kai da kasala, mutum ya ɗauka barci ne, daga nan ba ya farkawa, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Tantin kansa na leda ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wuta a waje ake hura ta, nesa da tanti, a fili da aka share aka kewaye da duwatsu, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta har sai an taɓa tokar an ji ta yi sanyi. Ciyawar Disamba busasshiya ce ƙayau, in ta kama ba ku kaɗai za ta shafa ba, har amfanin gonar da mutanen ƙauye suka tara.

Bayan gida, in babu na harabar, a haƙa rami mai zurfin taki guda, nesa da ruwa da aƙalla taku 70, a rufe bayan an gama. Da dare yaro ba ya fita shi kaɗai, ba ya fita ba tocila, ba ya fita ba takalmi. Da asuba kuma, kafin kowa ya zura ƙafa, a kifa takalmin a buga shi da ƙasa sau biyu, kunama tana son ɗumin cikinsa. Ragowar abinci a rufe shi a mota, kada birai su koyi hanyar tantinku. Sannan a tudun Jos akwai tsofaffin kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ruwansu kwance luf, gaɓarsu a tsaye, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani, kuma sun sha cin rayuka. A gaya wa yara tun a mota cewa babu wanka babu wasa a bakinsu.

Hawan kansa

A tashi bayan sallar asuba da karin kumallo, a sa lokacin juyowa tun a ƙasa, misali ƙarfe 11, kuma in ya yi a juyo ko da saura taku ashirin a kai inda aka nufa. Dalili shi ne saukowa ta fi hawa wuya. Ƙafa ta gaji, ido ba ya ganin matakin da ke ƙasa sosai, rana ta yi, hankali ya koma kan abinci. Yawancin targaɗe da faɗuwa a nan suke faruwa.

Ga yawancin iyalai, hawan da za a yi shi ne na gangarar falalen dutse, wanda ƙafa ke yi hannu na taimakawa. Dabararsa tana saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Mai tsoro yakan kwanta ya rungumi dutsen, da ya yi haka kuwa nauyinsa ya bar kan ƙafafunsa, takalmin ya daina kamawa, sai sulɓewa. Daidai shi ne a miƙe, a ɗora tafin takalmin gaba ɗaya a kan dutsen, ƙugu a saman ƙafa, a riƙa ɗan gajeren taku. Inda ya yi tsaye sosai, gaɓa uku su kama, ɗaya ta motsa: ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Kafin a dogara da wani ɓangaren dutse a bubbuga shi da tafin hannu, in ya yi ƙarar holoƙo ɓawo ne da ke shirin ɓallewa. Ciyawa da ƙananan saiwoyi ba abin riƙo ba ne. Babba yana kasancewa a ƙasan yaro, a hawa da sauka duka, jagora a gaba. Wajen saukowa babu kunya a zauna a ja gindi, wando ne kawai zai ji jiki. Kuma kafin a hau kowane mataki a tambayi kai: in na hau, zan iya saukowa ta nan? In amsar ba ta fito da sauri ba, a nemi wata hanya. Wanda ƙafarsa ta tunkuɗo tsakuwa ya yi ihu, "Dutse!" Na ƙasa kuma kada ya ɗaga kai ya duba, ya manne da bango ya kare kansa.

Ƙananan yara sun fi jin daɗin ƙananan duwatsun da ke warwatse a gindin tsauni. A zaɓi wanda bai wuce tsayin babba ba, a share ƙasansa, a shimfiɗa tsohuwar katifa, babba ya tsaya a baya da hannuwa a ɗage daidai kafaɗun yaron, don in ya zamo a tare shi ya dira da ƙafa, kansa bai bugu ba. Yaro ɗan shekara biyar zai yi awa guda a kan dutse ɗaya yana hawa yana sauka, ya koma gida yana ba da labarin ya hau tsauni.

Sai hawa da igiya a bangon da ya miƙe tsaye. Wannan ba a koyonsa daga bidiyon waya, kuma ba maigida ne zai jagorance shi ba sai in ya samu horo na gaske. Igiyar kasuwa, ta guga ko ta ɗaure kaya a mota, ba a rataya rai a jikinta. Igiyar hawa ta musamman ce, kaurinta wajen milimita 10, tana da zare a ciki da riga a waje, an yi ta ne ta ɗan miƙe in mutum ya faɗo, don ta shanye girgizar maimakon ƙugunsa da bayansa su sha. Ƙugiyar ƙarfen da ake maƙala ta ma haka. Ta gaskiya an buga ƙarfinta a jikinta, 20 kN ko fiye, da tambarin CE ko na UIAA, wato ƙungiyar masu hawan tsauni ta duniya. Masu kama da ita da ake sayarwa don rataya makulli ko gorar ruwa, nauyin yaro ma sai ya buɗe su. Igiya da ɗamara kuma ba a sayen na gwanjo. Ba ku san faɗuwa nawa suka tare ba, ba ku san ko ruwan batir ya taɓa su a but ɗin wata mota ba, shi kuwa yana cinye zaren ba tare da an ga alama ba. Masu ƙera su ma sukan ce ko ba a taɓa amfani da su ba, in sun shekara 10 a ajiye su. Kuna da haƙƙin ku tambayi malamin shekarun igiyarsa, ku kuma shafa ta ku ji ko akwai inda ta kumbura ko ta lotsa. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Tsarin da ya dace da masu koyo shi ne wanda igiyar ke ratsa madogara a saman bangon ta dawo ƙasa, kai ɗaya a ɗamarar mai hawa, ɗayan a hannun malami ta cikin wata na'urar riƙo, yana janye ta yayin da mai hawa ke yin sama. In ƙafa ta zame, faɗuwar ba ta wuce taki ɗaya ko biyu ba. Ku lura da abubuwa kaɗan da idonku. Madogarar saman a wuri biyu aka ɗaure ta, ba ɗaya ba. Kowa da hular kwano, har masu jira a ƙasa. Ɗamarar tana zama a saman ƙashin ƙugu, a matse ta har in an ja ta ƙasa ba ta zamewa. Ƙaramin yaro da ƙugunsa bai fito ba, mai haɗe da kafaɗa ake sa masa, don kada ya zube daga ciki in ya kife. Ƙullin da ake ɗaure mai hawa da shi yana da siffar lamba 8, zare biyu-biyu kwance gefe da gefe, da jela mai tsawon taki guda. Ɗaya kan igiyar ma a ƙulle shi, kada ya zare ta cikin na'urar riƙo wajen saukarwa. Hannun malamin da ke riƙe da igiyar ta ƙasan na'urar ba ya sakinta ko ƙuda ya sauka masa a ido. In kun ga yana amsa waya da mutum a sama, ku sa a sauko da yaronku, a tashi. Yaro kuma ba ya riƙe wa babba igiya, nauyin babban zai ɗaga shi sama.

A daidaita kalmomin kira tun a ƙasa, gajeru, kowa ya haddace. Yarinya ta ce, "Malam, in hau?" Ya duba ƙullinta da ɗamararta, ita ma ta dubi ƙugiyarsa ta ga a kulle take, sannan ya ce, "Na riƙe ki, bisimilla." A sama, "Ja igiya," "Saki kaɗan," "Sauke ni." Kafin ta yi nisa, tana kamar mita biyu daga ƙasa, a sa ta saki dutsen ta zauna a kan igiyar, ƙafafu a buɗe suna tokare bango, a sauke ta a hankali. Wanda bai ɗanɗana cewa igiya tana riƙewa ba tun yana kusa da ƙasa, ba zai yarda da ita ba in ya yi sama.

Duk da haka za a samu wadda za ta ƙame a tsakiya. Gwiwa na rawa, yatsu sun ƙanƙame dutse, hawaye ya fara zuba. A nan iyaye suka fi ɓata abu, kowa na ihu ta ko'ina, yayyenta na dariya, uban na cewa ƙanwarki ma ta hau. Mutum ɗaya ne zai yi magana, da murya ƙasa-ƙasa, kuma abu ɗaya zai faɗa a lokaci guda. "Mamana, ja numfashi. Igiya na riƙe da ke. Dubi gwiwarki ta dama, akwai ɗan tudu a gefenta, ɗora ƙafarki a kai. Yauwa." In ta ce, "Baba, ni dai a sauke ni," a sauke ta nan take, a ba ta ruwa da dabino, kada a sake tayar da zancen. Sau da yawa bayan ta ga wasu sun hau sun sauko, ita da kanta za ta ce a sake ɗaura mata. In ba ta ce ba, shi ke nan.

Uwargida da 'yan mata ma su hau in suna so, ba tsaron jaka aka kawo su yi ba. Shigar ce ke buƙatar dabara: wando mai kauri a ciki, riga mai kaiwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da za a cusa bakinsa cikin riga, domin dogon hijabi da gyale suna maƙalewa a na'urar igiya ko su rufe wa mutum ganin ƙafarsa. Zobe, awarwaro da sarƙa a cire. Maigida shi ma ya bar babbar riga da jamfa a tanti.

In kuka ji rugugin tsawa, ko da sama ba ta haɗa sosai ba, a sauka. Tsakanin walƙiya da ƙararta, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba hadarin ya matso, a shiga mota a rufe, a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Bakin kogo da gindin bishiya tilo ba mafaka ba ne.

In abu ya faru

Maciji ba ya neman mutum, hannu ne ke zuwa inda yake. Kada yaro ya zura hannu a rami ko tsaguwar da bai ga cikinta ba, kada ya ɗaga dutse da hannu, a cikin doguwar ciyawa kuma a bi sawun jagora. Wadda ta fi yin ɓarna a ƙasarmu ita ce kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya zama garau na wasu awanni, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari, saboda haka jin sauƙi ba dalilin zama ba ne. In an yi sara, a kwantar da mutum, a cire zobe da duk abin da ke matse gaɓar, a ɗora ta a kan sanda a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota. Ba a ɗaure gaɓa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci wajen baƙin dutse ko jiƙo, ba a kuma tsayawa farautar macijin. Don zafi farasitamol kawai, asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini. Maganin dafi a asibiti yake. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, ɓangaren garin da ke wajen tsaunukan, akwai kuma cibiyar Zamko a Langtang da asibitin Kaltungo a jihar Gombe da suka shahara kan saran maciji. Tun ranar isowa a san hanyar asibiti mafi kusa, a ajiye motar tana fuskantar hanyar fita, da mai a cikinta, makullin kuma a inda manya duka suka sani.

Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne, amma ƙaramin yaro a kai shi asibiti. Ƙudan zuma in sun taso, a rufe fuska a bar wurin ta hanyar da aka zo, ban da gudu a bakin gangara. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya bayan harbi, asibiti nan take. Wanda ya faɗo ya bugu a kai, ko yake kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a jijjiga shi, a riƙe kansa daidai da jikinsa a nemi taimako. Karaya kuma a fara kai ta hoto kafin a yi zancen mai ɗori.

Ran Lahadi ba ranar sabon hawa ba ce, jiki ya riga ya yi tsami. A bar yara su ɗan yi wasa a ƙananan duwatsu, a jira raɓa ta bushe a jikin tanti kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. A tsince ledar ruwa da gwangwani da duk abin da aka zo da shi, a hana matasan gidan rubuta sunayensu da fenti ko gawayi a jikin dutse. A koma a yi wa mai unguwa ko shugaban harabar sallama, a sallami jagora, a kama hanya kafin azahar don a shiga gida da sauran rana. Da daddare wajen wanka a duba jikin yara, bayan kunne, hammata da matsematsi, ko kaska ta maƙale. In zazzaɓi ya taso wa wani cikin mako biyu da dawowa, a je a yi gwajin maleriya, a kuma gaya wa likita an kwana a waje.